Fijon Baba Lamba Nawa Ce?

Tun ban kai ga buɗe baki ba na jiyo tsakinku. Daga tashar Dutsin-Ma har majalisun bakin titin Kurfi kowa ya taɓe baki: "Ka ji mani mutum! Ana ta kuɗin taki da kuɗin mai, shi kuma ya zo mamu da zancen tsofaffin motoci. Mi za mu yi da akwala?" Ku kwantar da hankalinku, ba sayar maku zan yi ba, la'ada ma ban nema ba. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, ku ɗin nan masu tsakin, da yawanku akwai wata Fijo da ke kwance a bayan gidan gado, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Kuma tun ranar da wani ɗanku da ke karatu a jami'ar tarayya ta nan Dutsin-Ma ya nuna maku a waya cewa Turawa na sayen tsohuwar mota da kuɗin da ya fi na sabuwa, kuka daina ce mata akwala, kuka koma ce mata motar Baba.

Yaron bai yi maku ƙarya ba. A watan Mayun 2022 an sayar da wata Marsandi ƙirar 300 SLR ta 1955 a kan Yuro miliyan 135. Kada wanda ya ce in juya masa kuɗin zuwa naira, ba na son a kwashi dattijo zuwa asibiti saboda ni. Sai dai abin da yaron bai faɗa maku ba, guda biyu tak aka ƙera irin wannan Marsandin. Fijo 504 kuwa an ƙera fiye da miliyan uku. Faransa ta fito da ita a 1968, ta ci kyautar gwarzuwar motar Turai a 1969, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2006, shekaru sama da 20 bayan Faransawan kansu sun daina yin ta mai ƙofa huɗu. Mota ce ta kirki, babu mai musu. Ta ci gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya a 1975, ta ɗauki gwamnoni da manyan sakatarori a zamanin mulkin soja na Obasanjo, daga baya ta ɗauki buhunan gero da akuyoyi daga Batsari zuwa Charanchi ba ta yi ƙorafi ba. Amma abin da yake da yawa, sai mai kyaun cikinsa ne ke tsada. Shi ya sa masu wannan harka suka ƙirƙiro ma'auni, suke ba kowace tsohuwar mota lamba gwargwadon halin da take ciki.

Mu ma muna da ma'auni, ban ce ba mu da shi ba. Matsalarsa guda ce: mataki ɗaya gare shi. Je ka wajen kowane dillalin mota daga Katsina har Maraɗi, ka nuna wadda ka ga dama, amsar ɗaya ce: "Gired wan ce, Alhaji. Fes bodi. Sai dai ka zuba mai ka kama hanya." Wadda aka sauke jiya daga Kwatano gired wan. Wadda ta yi adungure a hanyar Kankara aka miƙe ta da guduma gired wan. Wadda ake ɗaure gambunta da igiya, ita ma gired wan, "ɗan aikin fanibita ne kawai". Ban taɓa jin bakin da ya furta gired tu ba. Kuma kullum mai motar wata Hajiya ce ma'aikaciyar jinya da ba ta zuwa ko'ina sai asibiti da gidan suna. Wannan Hajiya, Allah ya ƙara mata arziki, ta mallaki motocin da suka fi na gwamnatin jiha yawa.

Na ga Alhajin Kurfi ya gyara zama. "Yaro, duk wannan iyayin Turawa ne. Mota ko tana tashi ko ba ta tashi, mi ya kawo lamba?"

Ranka ya daɗe, ai kai ne ba za ka faɗi haka ba. Ranar Laraba a karar shanu ta Dutsin-Ma, wa ya taɓa ganin ka sayi sa don kawai yana numfashi? Sai ka sa an buɗe bakinsa ka ƙirga haƙora. Sai ka taɓa tozo, ka latsa gadon baya, ka ce a ja shi ya taka ka ga ko yana ɗingishi. In ka ga ciki ya yi tulu, kai da kanka kake raɗa wa yaronka cewa kanwa aka ba shi ya ɗirki ruwa. A ranka ka riga ka raba su aji-aji: na layya, na huɗa, na kiwo, da na mahauta wanda in ba a yi sauri ba zai riga wuƙa. Abin da Baturen ya yi kenan, sai dai shi ya rubuta nasa a takarda don kada mai saye da mai sayarwa su yi ta rantse-rantse.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a Amurka mai mataki shida ne, wanda mujallar Old Cars ta jihar Wisconsin ta yi suna da shi. Kamfanin inshorar tsofaffin motoci na Hagerty kuma nasa ya tsaya a huɗu, don ba ruwansa da gawa. A duka biyun, ƙaramar lamba ita ce babba.

Lamba ɗaya ba ta shafe ku ba, ni ma ba ta shafe ni ba. Ita ce motar da aka kwance ta kusa da kusa, aka mayar da komai yadda ya fito daga masana'anta ko ma fiye, har ƙarƙashinta kana iya shafawa da farar riga. Ba a hawanta. A rufaffiyar tirela ake kai ta wurin gasa irin ta Pebble Beach da ake yi a Kalifoniya tun 1950, alƙalai su durƙusa suna leƙen ko kan kusar da aka ɗaura irin na shekarar ne. Ka ɗauko irin wannan ka bi da ita ta Tsauri ranar da hunturu ya buso, kafin ka iso Kurfi ta sauka lamba biyu. Lamba biyun ita ce wadda ido bai ganin aibinta sai na gwani, ana ɗan hawa da ita jefi-jefi, a goge a rufe.

Inda nake so ku buɗe kunne shi ne uku da huɗu, don nan ne duk rigimar take.

Lamba uku mota ce lafiyayya. Komai nata yana aiki: fitilu, burki, giya, agogunan gaban direba, har abin goge gilashi. Ka tsaya nesa da ita kamar ƙafa 20 ka rantse sabuwa ce. Ka matso sai ka ga fenti ya ɗan dusashe, kujerar direba ta ɗan lotsa, ƙarfen ado ya rage sheƙi. Masu ma'aunin da kansu sun ce yawancin motocin da ake kaiwa wurin baje koli, waɗanda jama'a ke ɗaukar hoto da su, a nan suke. To amma je ka gaya wa Bakatsine cewa motarsa lamba uku ce. Gara ka ce masa hularsa ta aro ce. Zai kumbura ya ce ka raina masa dukiya, alhali yabonsa ka yi. In har Fijon gidanku ta kai uku na gaskiya, ku yanka kaza ku yi sadaka, don tsakanin Dutsin-Ma da Safana ba na jin za a tara irinta su cika gareji guda.

Lamba huɗu ita ce wadda muka fi sani. Tana tashi, tana tafiya, tana kai ka Katsina ta dawo da kai, amma ko yaro ya ga aibinta. Gaban mota ya tsattsage da rana, fentin gambu ɗaya ya saɓa da na sauran, gilashin baya sai an tallafa masa da hannu yake hawa, akwai wani ƙara a ƙarƙashi wanda mai motar ya ce "tun tana sabuwa haka take". Biyar kuwa ita ce wadda komai nata yana nan amma komai yana neman gyara, ta tashi ko kada ta tashi. Shida gawa ce, amfaninta a ciri kayanta a rayar da wata.

Wani malami daga kwalejin Isa Kaita zai ɗaga hannu ya ce shi ya ga takardar wata mota an rubuta 4.5, dillali ya ce wannan babban maki ne. Malam, ka tambayi ƙasar da ta ba da makin. Jamusawa ɗaya zuwa biyar suke yi, ɗaya ce sarauniya, biyar ta koma ga maƙera. Amma a gidajen gwanjon motoci na Japan abin a juye yake: biyar mota ce tsaf, uku ta sha wuya, harafin R kuma yana nufin ta yi hatsari an gyara. Biyar ɗin Japan amarya ce, biyar ɗin Amurka sai an turo ta. Lambar da ba a faɗi ma'auninta ba, ba ta fi gired wan ɗin dillali amfani ba.

Yanzu ga abin da ya sa na damu da lambobin nan, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu suka fi faɗawa rami. Kuna ɗaukar lamba a matsayin yabo ko zagi. Ni kuwa lissafi nake ɗaukarta: tana gaya maka nawa ne ya rage ka kashe. Mai sayen lamba biyu ya biya kuɗinsa gaba ɗaya a rana guda. Mai sayen lamba huɗu shi ma zai biya kuɗin nan, har da ƙari, sai dai kaɗan-kaɗan, yau wajen makanike, gobe wajen mai walda, jibi a motar Kano zuwa Kofar Ruwa neman wani ƙarfe da aka daina ƙerawa tun yana saurayi. Tsallakawa daga huɗu zuwa uku abu ne mai yiwuwa in akwai haƙuri. Daga uku zuwa biyu kuwa sau da yawa kuɗin gyaran ya fi abin da motar za ta ƙara a kasuwa. Shi ya sa masu harkar ke ba da shawarar ka sayi mafi kyawun da aljihunka zai iya ɗauka, ka bar wa wani gwarzon aikin tayar da matattu. Na san akwai mai cewa ai shi makanikensa ɗan ƙanwarsa ne, ba ya cajinsa. Madalla. Ɗan ƙanwar taka shi zai haifo maka kafireto?

Sai kuma babban laifinku, wanda kuke aikatawa da kyakkyawar niyya. Da zarar an ce mota za ta yi kuɗi, sai a ja ta wajen mai fenti. A watsa mata sabon launi mai walƙiya har kan robar gilashi, a yage kujerun asali a ɗinka leda mai ruwan zinare, a cire sitiyarinta a sa na wata, a liƙa fitilu masu shuɗi da ja kamar motar kamfe. In an ga injin yana shan mai, a tsige shi a dasa na wata motar Japan. Mai ita ya ja da baya ya ce yanzu ta zama mota. A wajen mai tara tsofaffin motoci kuwa yanzu ne ta mutu. Shi abin da yake nema asali: injin da lambarsa ta dace da takardun masana'anta, launin da ta fito da shi, kujerun da aka ɗinka mata tun farko. Fentin asali da ya dusashe ya fi masa sabon da aka watsa a gindin bishiya ƙura na sauka a kai.

Kuna dariya, na ji ku. To a 2024, a waccan gasar ta Pebble Beach, motar da ta zo ta ɗaya gaba ɗaya wata Bugatti ce ta 1934 da ba a sabunta ta ba, da tabonta da kujerunta da suka sha zama, kuma wannan ne karo na farko da irinta ta ci. A 2015 an yi gwanjon wata Ferrari a Paris da aka tsinto a wata rumfa a yammacin Faransa, tsofaffin mujallu jibge a kanta, ta haura Yuro miliyan 16 ba a ko gyara lotsawar da mujallun suka yi mata ba. Mu ma muna da namu misalin, wanda ba na wasa ba ne. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, Allah ya jiƙansa, tana ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas da hujojin harsashi a jikinta. Duk fanibitan da ya ce zai toshe su don motar ta yi kyau, ai sai a kira masa 'yan sanda. Akwai motar da tarihinta ya fi ƙarfin ma'auni.

Kada dai wannan ya sa ku ruga ku hana yara share ƙurar da ke kan taku. Ƙurar Ferrari daban, taku daban. In Baba bai taɓa ɗaukar wani babban mutum a ciki ba sai surukarsa, ma'auni na nan yana jiran ku.

To yaya ake gane lambar? A nan ƙasarmu ta yi mana gata guda. A Turai gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara shi ke cinye ƙarƙashin mota, a Legas kuma iskar teku. Mu nan busasshiyar ƙasa ce, ƙarfe yana daɗewa. Namu masu kisan daban ne: rana, lodi, da makanike mai gaggawa. Rana ta gasa roba da leda da wayoyin wuta. Lodi ya lanƙwasa ƙashin bayan mota. In ka ga a-kori-kura an ƙara mata sifirin a baya, ka san ta yi shekaru tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. Makanike kuwa ya cire abin daidaita zafin inji ya jefar, ya ce na ƙasar sanyi ne, aka yi ta ɗura ruwan rijiya a lagireto har cikin injin ya yi tsatsa.

Ka je da safe, kafin mai ita ya ɗumama ta. Ka taɓa injin ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, tana ƙona baƙin mai, aikin ringi na tafe. Baƙin hayaƙi, fetur ya yi mata yawa. Fari mai kauri da ba ya yankewa, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ka zaro sandar gwada mai. In ya yi kauri kamar madi, an zuba ne don a rufe bakin ƙara. Ka zo da ɗan mayen ƙarfe ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin motar da shi: inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne, ƙullin fanibita ne aka shafe da fenti. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa, ka cire tayar safaya ka leƙa ramin but, ka dubi ƙasan gambuna da inda ake kafa jak. Ka duba tazarar da ke tsakanin gambu da jiki, in ta dama ta fi ta hagu faɗi, motar ta taɓa sumbatar wani abu. Agogon tafiya kuwa kada ka ba shi amana. Na tsofaffin motoci da yawa gida biyar gare shi, yana kaiwa 99,999 sai ya koma sifili ya fara sabuwar rayuwa. Robar fedar kuloci da ta burki sun fi shi gaskiya.

Kuma don Allah, Alhaji, cire babbar rigar ka shiga ƙarƙashi. Ba a sayen tsohuwar mota a tsaye. In girma ya hana, ka zo da makaniken da ba ya cin la'ada a cinikin, wanda bai san mai motar ba, ba kuma surukin dillali ba ne. Ka biya shi kuɗin dubawa ko an saya ko ba a saya ba. Wanda abincinsa ya rataya a kan sai an yi ciniki, ba ya ganin tsatsa.

Akwai abin da ma'aunin Turawa bai tanada ba, mu kuwa shi ya fi kashe mana ciniki. Motar Baba ta magada ce. Babban wa ba shi da ikon sayar da ita don kawai makullin na aljihunsa. Akwai ƙannensa mata a gidajen aure a Kankiya da Funtuwa, kowace da rabonta a cikin tayar nan da ta sace. Ka saya ba da yardarsu ba, lamba biyu ma ta zame maka zaman kotu. Haka takardun kwastam da na mallaka, a gwada lambar da ke jikinsu da wadda aka buga a ƙarfen motar. In ta girmi 1981 kada ka tsorata don lambar ba ta kai gida 17 ba, daga shekarar ne aka daidaita tsawonta. Kai kuma mai sayarwa, malamanmu na fiƙihu sun riga Turawa magana: aibin da ka sani ka ɓoye, mai saye na da damar dawo maka da kayanka in ya gano. Faɗin "lamba huɗu ce, giya ta biyu tana fita" bai rage maka komai ba sai zaman sulhu a zauren mai unguwa.

Na bar Hajiyar gida a ƙarshe don ita ce ta fi kowa gaskiya a gidan. Shekara da shekaru tana cewa a kira 'yan gwangwan su kwashe wannan tarkace ta samu wurin ɗaure tumaki. Hajiya, in bene ya rufta, inji ya daskare, gilasai sun tafi, to lamba shida ce, kin ci shari'a. Abu guda nake roƙo: kada a bari su ɗora ta a sikeli dunƙule, don su kilo suke saye, ba ruwansu da ko Faransa ce ta ƙera. A fara kiran mai sayar da kayan Fijo ya cire fitilun gaba, da agoguna, da marikan gambu, da ƙarafan ado, da giya in tana juyawa. Waɗannan a wajen mai lamba huɗu da ke fafutukar hawa uku sun fi gangar jikin daraja. Zakin da ke goshinta kuwa ku ɓalle ku ba Alhaji ya ajiye, shi kaɗai ne a jikin motar bai taɓa kai shi gareji ba.